Namun daji suna cinye mana abinci a sansani, mu saka musu guba?

Malam, ka ce kun kwana uku a daji ku shida, kuma babu ranar da wani abu bai shigo muku sansani ba. Daren farko ɓeraye suka huda buhun abinci, na biyu dila ta ja ledar shara ta watsa ta har bakin tanti, ran na uku kuma birai suka yi awon gaba da burodi da rana tsaka kuna kallo. Wani abokin tafiyarku ya kawo shawarar in za ku koma ku riƙe maganin ɓera, ku cuɗa shi da ragowar abinci ku ajiye can gefe, wanda ya ci shi ya jawo wa kansa. Kai kuma ranka bai kwanta ba, kana neman wata hanya.

Gara da ranka bai kwanta ba. Kar ku saka. Kuma tun kafin mu zo maganar tausayi, bari in fara da abin da ya shafe ku kai tsaye: gubar ba za ta cece muku abincin ba.

Mafi yawan maganin ɓeran da ake sayarwa, irin su warfarin da bromadiolone da brodifacoum, aikinsu hana jini daskarewa ne. Suna tare hanyar da hanta ke sarrafa bitamin K, sai dabbar ta riƙa zubar da jini ta ciki a hankali. Wannan yakan ɗauki kwana uku zuwa bakwai. Ke nan ɓeran da ya ci daren Juma'a zai dawo ya huda muku jaka daren Asabar da na Lahadi, ba zai mutu ba sai kun naɗe tanti kun koma gida. Akwai mai saurin kisa, zink fosfaid, wanda ke sakin iska mai guba a cikin ciki, amma shi ba shi da makari, kuma in kare ya ci ya yi amai, iskar da ke tashi daga aman tana iya kwantar da mai karen. Ban da wannan, abincin da kuka cuɗa gubar da shi ai abinci ne. Warinsa zai kira abin da bai ma san kuna wurin ba.

Sai kuma inda gubar take zuwa bayan kun tafi. Ɓeran da ya ci yakan yi sanyi, ya fito fili yana tangaɗi, shi ne kuwa wanda mujiya da shaho da tunku suka fi saurin kamawa. Brodifacoum yana zama a hanta watanni, don haka mujiyar da ta ci irin waɗannan ɓeraye biyar ta tara gubar biyar. Ita ce kuma mai rage muku ɓerayen tun farko. In dila ce ta ci ta mutu a bayan dutse, ungulu za su sauka a kanta. A watan Yunin 2019 an tsinci ungulu 537 a mace a arewacin Botswana, bayan sun ci mushen giwaye uku kacal da mafarauta suka barbaɗa wa guba, ga shi ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka a 2020 da ta hana yawancin amfani da wannan rukunin maganin ɓera mai daɗewa a jiki, saboda yadda aka yi ta samunsa a hantar namun dajinsu. Ka ƙara da karen wani matafiyi, da yaron da zai zo wurin bayanku ya ga wani abu mai launi a ƙasa ya kai baki. A gandun daji kuwa, kusan ko'ina a duniya, ajiye guba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

To mene ne maganin? Hausawa sun riga sun faɗa: in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Dabba lissafi take yi, wahala nawa, riba nawa. Sansanin mutane wuri ne mai ban tsoro gare ta, ga hayaniya ga warin ɗan Adam, ba za ta shigo ba sai ribar ta fi tsoron. Ran da ta shigo ta samu, ta koyi darasin da ba ta mantawa, har ta koya wa 'ya'yanta. Ran da ta shigo sau biyu sau uku ta tashi a tutar babu, sai ta daina ɓata darenta. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa hanyoyi ne na sa ta tashi a tutar babu. Ka kashe dila ɗaya ka bar shara a buɗe, wata dilar za ta gaji wurin kafin sati.

Amurkawa sun koyi wannan da tsada. Shekaru da dama gandun dajinsu suna zubar da shara a fili, har 'yan yawon buɗe ido sukan taru su kalli beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da manyan farata, tana ci. A dare ɗaya cikin Agustan 1967, a gandun Glacier, beyar biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu a wurare biyu, kuma dukansu dabbobi ne da suka saba da abincin mutane. Zuwa farkon shekarun 1970 gandun Yellowstone ya rufe jujinsa. A gandun Yosemite, a 1998 kaɗai an samu ɓarnar beyar sama da sau 1,500, yawanci fasa motoci. Abin da ya sauko da adadin da fiye da kashi 90 cikin ɗari shi ne akwatunan ƙarfe a kowane wurin kafa tanti, da kwandon sharar da ba ya buɗuwa da farce, da tara ga wanda ya yi sakaci. A tsibirin K'gari na Ostareliya kuma, inda baƙi suka saba jefa wa karnukan dajin da ake kira dingo abinci, sun kashe yaro ɗan shekara 9 a 2001, bayan haka hukuma ta harbe kusan 30 daga cikinsu. Mai jefa wa dabba biskit don ya ɗauki hoto yana ganin shi mai kirki ne, alhali shi da mai guba wuri ɗaya suke kai ta.

Abu na farko da mutane ke kuskurewa shi ne me ake nufi da abinci. A hancin dabba, man goge baki abinci ne, haka sabulu mai ƙamshi, man shafawa, turare, cingam, maganin tari, gwangwanin da aka shanye, soson wanke-wanke, tsumman da aka goge hannu da shi, har rigar da mai ya fallatsa wa lokacin suya. Na taɓa asarar jakar baya sabuwa fil a kan bawon alewa guda ɗaya da na manta a ƙaramin aljihunta. Da safe na tarar da huda kamar faɗin kwabo, an bi ta yadi biyu an kai ga bawon, ba a taɓa komai ba sai shi. Tun ranar, kafin duhu nakan sa kowa ya zazzage aljihunsa da jakarsa a kan tabarma ɗaya, a tattara duk mai wari wuri guda. Jakar da aka kwashe kuma a bar zif ɗinta a buɗe, ɓera ya shiga ya duba ya fita, ya fi ya yi wa kansa ƙofa. A cikin tanti ba abin da ke kwana sai mutum, ruwan sha da tocila.

Na biyu, tsarin wurin. Ka raba sansani uku kamar murhu: wurin kwana, wurin girki da ci, wurin ajiya. Inda akwai manyan dabbobi masu haɗari a bar tazara mai yawa. A Yellowstone ƙa'idar yadi 100 ce tsakanin wurin kwana da wurin abinci, kusan mita 90. Inda ɓera da dila ne kawai matsalar, taku talatin zuwa hamsin ya wadatar. Ka lura da inda iska ke kaɗawa da yamma, ka sa madafa a can ƙasan iskar, don warin ya yi gaba, kar ya ratsa ta kan tantinku. Dabbar da ke bin wari hanya take bi, kar ka kwanta a kan hanyar. A yi girki a ci a wanke tun da sauran haske. Yawancin ɓarnar da na gani ta faru ne a daren da aka iso a gajiye, aka ci abinci cikin duhu, aka ce wanke-wanke sai da safe.

Ni ma na taɓa cewa haka. Mun soya nama a tukunyar alminiyam, na ɗora murfi na danne da dutse, na ce ai babu komai a ciki sai maiƙo. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji ƙarar ƙarfe a kan duwatsu tana nisa, kamar ana jan gwangwani a bayan keke. Na haska tocila ta ƙofar tanti, sai idanu biyu da ƙeya mai gangara, kura ce ta kama hannun tukunyar tana tafiya ba ko sauri. Da gari ya waye muka bi sawu muka same ta a cikin wani kwari, ta lanƙwashe kamar takarda, haƙora sun huda gindinta wuri huɗu. Abin da ya fi damuna shi ne, ta dawo daren da ya biyo, da wanda ya biyo bayansa, tana zagaya tantuna, alhali ba ta ƙara samun komai ba. Maiƙon cokali biyu ya saya mana dare uku na rashin barci, kuma mutanen da suka sauka wurin bayanmu sun gaji abin da na shuka.

Wurin ajiya kuma ya danganta da wa kake gudu. Ɓera yana bi ta hudar da ba ta wuce milimita 6 ba, kaurin fensir ke nan, kuma yana cin leda da yadi da roba mai laushi. Maganinsa gwangwanin ƙarfe mai murfi da ke kamawa sosai, ko bokitin roba mai kauri mai murfin murɗawa, ko jakar ragar waya irin wadda masu tafiyar ƙasa ke amfani da ita. Dila da dage da kura kuwa ƙarfi ne da su. Kular da ake zuba ƙanƙara ba ta tsare komai a wurinsu, kura tana ɗaukarta gaba ɗaya. Su sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗaure shi da sarƙa a jikin bishiya, ko a saka a mota a rufe gilashi a kulle. Ka ji na ce a kulle. Gwaggon biri a yankin Cape na Afirka ta Kudu ya iya buɗe ƙofar mota kamar ni da kai, ya san zif, ya san sakata, ya kuma san kamannin kula, don haka a lulluɓe ta da bargo ko da tana cikin mota. Mota ma ba ko'ina take aiki ba. A Yosemite an hana barin abinci a mota da dare, don beyar tana fasa gilashi ta lanƙwasa ƙofa. A gandun Mana Pools na Zimbabuwe an hana shiga da 'ya'yan itatuwa, musamman lemo, saboda giwa tana jin ƙamshinsa ta cikin mota ta zo nema. Shi ya sa tambayar farko da za ka yi wa jami'an kowane gandu ita ce: me ke damun mutane a nan, kuma ina kuke so a ajiye abinci? Sun fi kowa sani, kuma dokarsu ita ce a gaba da duk abin da na rubuta.

A ƙasashen da ke da beyar akwai wata ganga ta roba mai tauri, santsi gare ta, ba inda haƙori zai kama, murfinta sai da kwabo ko danna wasu 'yan maɓallai yake buɗuwa. Yadda ake gwada ta yana burge ni. A wata cibiya a garin West Yellowstone na jihar Montana ake cika ta da abinci mai wari a miƙa wa beyar, in ta yi minti 60 tana fama ba ta buɗe ba, an amince da ita. Yawancin beyar da ke wannan aikin kuwa waɗanda aka kwaso daga daji ne don sun saba da abincin mutane, wato tsofaffin ɓarayi aka ɗauka aikin gwada kwaɗo. In ka samu irin wannan ganga, tana maganin kusan kowace dabba. Ka ajiye ta a fili a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba bakin gangare ko ruwa ba, kar ka ɗaura mata igiya don igiyar ce za ta zama mariƙi. Ka ɗora tukwanen da aka wanke a kanta, in an taɓa za ka ji.

Rataya a bishiya ita ce dabarar da kowa ya sani, ita ce kuma aka fi yi ba daidai ba. Jakar tana bukatar ta yi sama da ƙasa kamar mita 4, ta yi nesa da jikin bishiyar kamar mita 2, ta kuma sauko ƙasa da reshen kamar haka. Samun reshen da ya cika waɗannan sharuɗɗa ba ƙaramin aiki ba ne, balle cikin duhu, don haka ka jefa igiyarka da zarar kun sauka. Ɓera da kurege suna bin igiya su sauko, sai a huda murfin gwangwani ko gindin gora a zura a igiyar sama da jakar ya zama musu shamaki. Rataya tana maganin dila da kura. A wurin biri kuwa ka kai masa abinci har ɗaki ne.

Tunda birai sun taɓa ku, bari in ɗan tsaya a kansu. Su da rana suke aiki, kuma lokaci biyu suka fi so: sa'ad da ake sauke kaya daga mota, da lokacin karin kumallo. Ba wari suke bi ba kamar sauran, kallo suke yi, suna jira ka juya baya. Ba abin da ke maganinsu kamar mutum ɗaya da aka ce aikinsa tsaro kawai, yana tsaye da sanda, ba ya yanka albasa ba ya duba waya. A fito da abin da za a ci yanzu kaɗai, a mayar da murfi nan take. In babban namijin gwaggon biri ya riga ya kama abu, a bar masa. Kar a yi kokawa da shi, kar a tare masa hanyar fita, kar a ba yaro abinci a hannu ya yi yawo da shi. Fiƙarsa ta kai a ji tsoro.

Shara da ruwan wanke-wanke su ne rabin matsalar. Kar a binne ragowar abinci, duk abin da ka binne dila za ta tone kafin asuba. Kar a zuba a wuta, don wutar sansani ba ta cinye shi ƙurmus, sai dai ta gasa shi ta aika ƙamshin ko'ina cikin dajin. A tace ruwan wanke-wanke da ɗan mataci, guntayen su shiga ledar shara, ruwan a watsa shi da faɗi kamar mita 60 daga sansani da kuma rafi. Ledar sharar a ƙulle ta a saka inda aka saka abincin, da irin tsaron da aka ba abincin, a fita da ita ran tafiya.

Za ka ji ana ba ka wasu dabaru: a zuba kafur kewaye da tanti, a yayyafa fetur ko bilic, wato ruwan nan mai sa tufafi fari, a barbaɗa barkono. Kafur shi ma guba ne, yana shiga ƙasa da ruwa, kuma a sarari iska ke kwashe warinsa, ba ya hana dabba mai yunwa komai. Barkono ba ya damun tsuntsaye ko kaɗan, hankaka zai ci abinsa. Feshin barkonon da ake sayarwa don kare kai daga beyar yana aiki, amma a fuskar dabbar da ta taso maka. In ka fesa shi a jikin tanti ko jaka, an ga beyar tana zuwa ta yi birgima a wurin, warin da ya rage jawo ta yake yi. Wuta tana taimakawa muddin tana ci kuma akwai mai zama a gabanta. Fitila mai kunna kanta in an gitta, da rediyo, suna aiki dare ɗaya ko biyu kafin a gane ba su cizo. Abin da na ga yana aiki da gaske ga masu daɗewa a wuri ɗaya shi ne ɗan shingen lantarki mai batir, wanda ake kewaye wurin ajiya da shi. Yana ba da volt 5,000 zuwa sama amma a ɗan bugu gajere, ya gigita hanci ba ya kisa, kuma darasinsa yana zama.

In dabba ta shigo duk da haka, ku tashi tare, ku haska ta, ku buga tukwane, ku ɗaga murya, ku bar mata hanya a buɗe. A yi haka tun zuwanta na farko, kar a tsaya ɗaukar hoto tukuna. Wannan na ƙanana da matsakaita ne. Giwa ko zaki ko beyar da ta riga ta hau kan abinci, a ja da baya a hankali a shiga mota in akwai, a sanar da jami'ai. Dabbar da ka ga ba ta tsoro sam, tana tangaɗi ko dalala, ko mai yawon dare ta fito da rana tana nufo mutane, a nisance ta, yana iya zama ciwon haukan kare. Wanda aka ciza ko aka yakusa, ko da ɗan biri ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar.

Ɓerayen ma kar ka raina su don ƙanƙantarsu. A 2012 mutum 10 suka kamu da cutar hantabairos bayan sun kwana a Yosemite, 3 suka rasu, yawancinsu a wasu tantuna masu bango biyu da ɓeraye suka yi sheƙa a tsakaninsa. Ana ɗaukar cutar ta shaƙar ƙurar kashinsu da fitsarinsu. In ka tarar da kashin ɓera a akwati ko bukka, kar ka share shi a bushe. Ka jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, ka bar shi ya ɗan jima, ka goge da safar hannu. Abincin da suka ɓula kuma a zubar da shi cikin shara.

Game da wurin da kuka sauka, yadda ka kwatanta shi, dabba iri uku cikin kwana uku har da birai masu ƙwace da rana, ya nuna an daɗe ana ciyar da su a nan. Ko kun gyara komai za su zo dubawa a daren farko da na biyu, kar hakan ya sa abokinka ya ce ai ga shi dabarar ba ta yi ba. In akwai wani wurin da aka yarda a kafa tanti, wanda ba ka ga tsohuwar shara ko ƙasusuwa a tokar murhunsa ba, ku koma can. In babu, ku je da akwatin ƙarfe ɗaya mai kwaɗo da zai ɗauki abincin mutum shida da shararsu, da bokiti mai murfin murɗawa na kayan wanka, ku kwashe sharar da kuka tarar kafin ku kafa tanti, ku kuma gaya wa masu kula da wurin abin da biran suke yi.